Ɗana, Kafin Ka Sayi Fom ɗin Takara

 Mahaifiyarka ta shaida mini cewa zuciyarka ta karkata ga siyasa, kana so ka rage zirga-zirgar kotu ka nemi kujerar majalisa. Ta ce hujjarka ita ce mutanen nan da kake tsaya wa kyauta, waɗanda ba su da yawa kuma ba su da kowa a sama, damuwarsu ta fi ƙarfin alƙali guda. Ban ga aibun wannan niyya ba. Ka kai munzalin da za ka yanke wa kanka shawara, don haka ba zan tura ka ba, ba kuma zan riƙe maka riga ba. Abin da kawunka ke da shi labari ne na wani lauya ɗan ƙasar Indiya da ya bi irin wannan hanya har ƙarshenta, ya ga daɗinta ya ga ɗacinta. Ka ba ni aron kunnenka.

Sunansa Bhimrao Ramji Ambedkar. An haife shi ranar 14 ga Afrilu 1891 a garin Mhow, wani barikin soja a tsakiyar Indiya, shi ne ɗa na 14 a wurin mahaifinsa, wanda soja ne a rundunar Turawan mulkin mallaka. Indiyar da muka saba gani a fim, ta rawa da furanni, tana da wani ɓangare da ba a cika haskawa ba. A tsarin gargajiyar Hindu ana jera mutane hawa-hawa gwargwadon gidan da aka haife su. Brahmin masu kula da ibada su ne a sama, sauran na biye, can ƙasa kuma akwai waɗanda ba a ma sa su cikin lissafi, ana ɗaukar taɓa jikinsu ƙazanta ne. Su aka bar wa kwasar mushe da jima da share masai. Yau ana kiran su Dalit. Dangin Ambedkar, wato Mahar, cikinsu suke.

A makarantar da ya yi a Satara ba ya zama tare da sauran yara. Buhun algarara yake zuwa da shi daga gida ya shimfiɗa a gefe guda, in an tashi ya naɗe abinsa ya koma da shi, don mai shara ba zai taɓa ba. In ƙishirwa ta kama shi ba shi da ikon taɓa famfo, sai ya jira masinjan makaranta ya zo ya ba shi. Ranar da masinja bai zo ba, haka zai yini maƙogwaro a bushe. Wanzami ba ya yi musu aski, 'yan'uwansa mata ke yi masa a gida. Da ya so karanta Sanskrit, harshen littattafan addininsu, aka hana shi, sai Farisanci ya karanta.

Yaron da aka yi wa haka, in ya tashi da ƙullaci ba mai ganin laifinsa. Shi kuwa karatu ya sa a gaba. Ya sami digiri a Jami'ar Bombay a 1912. Sarkin Baroda, Sayajirao Gaekwad na III, ya ɗauki nauyinsa zuwa Jami'ar Kolombiya ta Amurka a 1913, inda ya karanta tattalin arziki, ya kuma zauna gaban malamai irin su John Dewey. Daga can ya wuce Landan ya fara karatun lauya, amma kuɗin tallafi suka ƙare a 1917, dole ya dawo gida ya yi wa masarautar Baroda aiki kamar yadda aka yi yarjejeniya.

Abin da ya tarar a Baroda ya isa ya karya zuciyar kowa. Mutum ya dawo daga Amurka da Ingila da ilimin da babu kamarsa a ofishin, amma masinjoji sai dai su jefo masa fayil daga nesa don kada hannu ya haɗu. Duk garin ya rasa wanda zai ba shi ɗakin haya. Ya fake a wani masaukin 'yan ƙabilar Parsi da sunan aro, da asiri ya tonu sai ga mutane da sanduna sun zo sun ce ya fice kafin dare. Ya kwashe kayansa ya zauna a wani lambun gwamnati yana jiran jirgin ƙasa na Bombay. A nan ya gane cewa takardun da ya tara ba za su fitar da shi shi kaɗai ba, muddin danginsa na nan inda aka ajiye su. Ina so wannan ya zauna maka, don na ga 'ya'yan talakawa da dama da suka yi karatu, suka ɗauka sun tsira, suka daina waiwayen unguwar da suka fito.

Ya koyar a kwalejin Sydenham, ya tara ɗan abin da ya samu, Sarkin Kolhapur ya taimaka masa, ya koma Landan a 1920. Can ya gama karatun lauya ya kuma sami digirin dakta a fannin tattalin arziki da bincikensa kan kuɗin rupi. A 1923 ya buɗe ofis a Bombay. Aikin bai zo da sauƙi ba, domin masu raba wa lauyoyi manyan shari'o'i 'yan manyan dangi ne, ba sa son a gan su da shi. Ƙananan shari'o'in talakawa ya riƙa ɗauka, yana haɗawa da koyarwa don a ci abinci a gida.

Yanzu bari in zo kan Mahad, domin nan ne na fi so ka tsaya ka yi tunani.

Mahad ƙaramin gari ne a kudu da Bombay, yana da wani tafki da ake kira Chavdar. Dabbobi na sha, baƙi mabiya wasu addinai na ɗiba, amma Dalit ɗan garin ba shi da ikon tsoma hannu. Tun 1923 majalisar lardin Bombay ta zartar da ƙuduri cewa a buɗe wa kowa rijiyoyi da tafkuna da makarantun da aka gina da kuɗin jama'a, hukumar garin Mahad ma ta amince da haka a 1924. Amma shekara uku babu wanda ya yi ƙarfin halin zuwa ya sha. Doka na nan a takarda, tsoro na nan a zukata. Ranar 20 ga Maris 1927 Ambedkar ya ja dubban mutane, suka taka a natse har bakin tafkin, ya sunkuya ya kamfaci ruwa ya sha, sauran suka bi. Ba su karya wata doka ba, haƙƙin da aka riga aka ba su suka je suka karɓa.

Kafin yamma jita-jita ta bazu cewa haikalin garin za su shiga. Mutane ɗauke da sanduna suka afka musu, aka fasa kawuna. Cikin mabiyansa akwai tsofaffin sojoji da suka san yaƙi, kuma a ranar sun fi maharan yawa, amma ya hana ramuwa. Ya san taro zai watse, kowa zai koma ƙauyensa inda su ne 'yan tsiraru, can za a fanshe a kan matansu da 'ya'yansu. Bayan haka manyan garin suka zuba fitsarin saniya da kashinta da nono a tafkin, wai sun tsarkake shi, hukumar garin ta janye amincewarta, wasu kuma suka garzaya kotu suka ce tafkin mallakarsu ne, suka samo umarnin hana kusantarsa.

A watan Disamba na shekarar ya sake tara jama'a a Mahad, jini na tafasa, kowa na cewa a tafi tafki ko da za a cika kurkuku. Shi da ya kira taron, shi ya lallashe su suka haƙura, ya ce tunda magana na gaban alƙali, a can za a ƙarasa ta. Shekara goma ana wannan shari'a, sai a 1937 Babbar Kotun Bombay ta tabbatar cewa tafkin na kowa ne. Ɗana, ka auna nauyin abin: mutum ya tsaya gaban dubban masoyansa da ke cikin fushi na gaskiya ya ce musu a dakata. Ɗan siyasar da ke neman tafi ba ya iya wannan. Lauyan da ya yarda da aikinsa ne ke iyawa, don ya san ruwan da aka sha da ƙarfi na rana ɗaya ne, wanda kotu ta hukunta kuwa har jikoki za su sha.

A wannan taro na Disamba ne kuma suka ƙona Manusmriti, tsohon littafin dokokin Hindu da ya tanadi ƙasƙancinsu. Na fahimci zafin da ya kai su ga haka, amma ba abin da zan so ka kwaikwaya ba ne. Abin da wasu ke girmamawa, ko kana ganin ɓata ne, ka yaƙe shi da hujja. Wuta tana ƙara wa abokin gaba magoya baya.

Jarrabawar da ta fi wannan ta zo a 1932. Bayan tarurrukan da aka yi a Landan kan makomar Indiya, inda Ambedkar da Mahatma Gandhi suka yi ta sa-in-sa kan wane ne ke magana da yawun Dalit, Firaministan Birtaniya Ramsay MacDonald ya ba su abin da Ambedkar ya nema: kujeru 71 a majalisun larduna, waɗanda Dalit kaɗai za su zaɓi masu hawansu, ga kuma ƙuri'a ta biyu a zaɓen gama-gari. Gandhi yana kurkukun Yerwada a Poona, ya ce wannan zai raba al'ummar Hindu har abada, ya shiga yajin cin abinci ranar 20 ga Satumba, ya ce sai an soke ko ya mutu. Ƙasa duka ta juyo kan mutum ɗaya. In ya ƙi sassautawa Gandhi ya mutu, a kan Dalit na ƙauyuka za a huce. In ya sassauta, ya saki abin da ya ɗauke shi shekaru yana nema.

Ranar 24 ga Satumba ya amince da yarjejeniyar Poona. Ya yi ciniki irin na gwani, ya mai da kujerun nan 148, fiye da ninki biyu. Amma ya saki zaɓen da ya keɓanta gare su, aka koma kowa da kowa ke jefa ƙuri'a a kan kujerun da aka ware. Ya daɗe yana baƙin cikin wannan, kuma yana da hujja. Tunda Dalit tsiraru ne a kusan kowace mazaɓa, wanda masu rinjaye suka ga zai yi musu ladabi shi ke cin zaɓe, ba wanda danginsa suka fi yarda da shi ba. Kujeru sun ƙaru, murya ta ragu. A 1945 ya rubuta littafi guda a kan abin da yake ganin jam'iyyar Congress da Gandhi suka yi wa mutanensa.

Ni dai a ganina abin da ya yi a Poona daidai ne, domin rayuka na gaba da kujeru. Amma kai lauya ne, ka lura da inda aka ci shi. Ba a kan adadi aka ci shi ba, a kan wanda ke riƙe da ƙuri'ar ne. Gobe in aka zaunar da kai aka ce an ba mutanenka kwamishina da mai ba da shawara da kansiloli uku, kada yawan ya ruɗe ka. Ka tambaya wa zai zaɓo su, wa kuma zai iya cire su. Wanda ke da wannan iko shi ne ubangidansu, ko da sunan ƙauyenku suke amsawa.

Cikin waɗannan shekaru gidansa ma bai huta ba. 'Ya'ya biyar suka haifa da matarsa Ramabai, huɗu suka rasu suna ƙanana, ita ma ta rasu a 1935 bayan doguwar wahala da rashin lafiya. Na faɗa maka wannan ne don kana da mata da ƙananan yara, kuma su ne za su fara biyan kuɗin wannan tafiya kafin kowa. Ka zauna da ita ku yi magana ta gaskiya kafin ka ji ta bakin abokai.

Da 'yancin kai ya gabato, jam'iyyarsa ta sha kaye a zaɓen 1946, har sai ta Bengal ya samu shiga majalisar rubuta tsarin mulki, da taimakon wani jagoran Dalit na can, Jogendra Nath Mandal. Da aka raba ƙasa mazaɓar ta faɗa Pakistan, ya rasa kujerar. Sai ga jam'iyyar Congress, wadda ya shekara ashirin yana caccaka, ta dawo da shi ta Bombay, Firaminista Jawaharlal Nehru ya naɗa shi ministan shari'a na farko, kuma ranar 29 ga Agusta 1947 aka ba shi shugabancin kwamitin tsara daftarin. Ba don ƙauna suka yi ba. Sun duba ne suka ga aikin na bukatar wanda ya san dokokin ƙasashe ciki da bai, wanda zai iya tsayawa gaban majalisa ya kare sashe bayan sashe. Karatun nan da ya yi a kan buhu da wanda ya yi cikin yunwa a Landan, ranar nan ya biya. Shi ma bai ce ba zai zauna da abokan hamayya ba. Ya ajiye ɓacin ransa ya karɓi alƙalami.

Kwamitin na mutum bakwai ne, amma ɗaya daga cikinsu, T. T. Krishnamachari, ya faɗa a gaban majalisa cewa saboda mutuwa da rashin lafiya da tafiye-tafiyen sauran, nauyin a kan Ambedkar ya faɗa. Shi kuwa da ya tashi jawabi sai ya yaba wa B. N. Rau da ya shirya daftarin farko, da ma'aikatan da suka yi ta kwana a ofis. Aka amince da kundin ranar 26 ga Nuwamba 1949, ya fara aiki ranar 26 ga Janairu 1950. Sashe na 17 ya haramta ɗaukar wani ɗan Adam a matsayin wanda ba a taɓawa. Sashe na 15 ya hana a kori kowa daga shago ko rijiya ko tafki ko hanya saboda danginsa ko addininsa. Sashe na 29 da na 30 suka ba tsirarun addini da na harshe damar riƙe harshensu da kafa makarantunsu. Sashe na 32, wanda ya fi ƙauna, ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zuwa Kotun Ƙoli kai tsaye in an taka masa haƙƙi. Ba duk abin da ya so ya samu ba. Ya so gwamnati ta karɓi filayen noma don marasa gona su samu, aka ƙi.

Kwana guda kafin a amince da kundin ya gargaɗi majalisar da kansa. Ya ce za a shiga zaman da kowa ke da ƙuri'a ɗaya amma ba kowa ke da daraja ɗaya a kasuwa da unguwa ba, kuma in aka bar wannan giɓi ya daɗe, waɗanda ake dannewa za su rushe ginin. Ya kuma ja kunnensu kan ɗaukaka shugaba har a miƙa masa wuya, ya ce a siyasa wannan hanyar kama-karya ce. Mutumin da ya rubuta doka da hannunsa ke gaya musu kada su dogara da ita kaɗai.

Kujerar minista ba ta daɗe a hannunsa ba. Ya kawo ƙudurin gyaran dokokin iyali na Hindu, wanda zai ba mata gado da damar neman rabuwar aure. Masu ra'ayin riƙau suka yi ca, shugaban ƙasa Rajendra Prasad na cikin masu adawa, zaɓe kuma ya matso, sai Nehru ya jingine maganar. A watan Satumba 1951 Ambedkar ya ajiye aiki. Ka lura, wannan ƙuduri bai keɓanta ga danginsa ba, matan Brahmin ma za su amfana. Wanda ya san zafin wariya da gaske ba ya tambayar dangin wanda ake zalunta kafin ya tsaya masa. Bayan murabus ya tsaya takara a Bombay a zaɓen farko na 1952 ya faɗi, ya sake tsayawa a Bhandara a 1954 ya sake faɗuwa, sai a majalisar dattawa ya samu wuri. Ƙudurin da ya bar kujera dominsa kuwa an zartar da shi gutsi-gutsi a 1955 da 1956.

Tun 1935 ya yi alkawarin ba zai mutu cikin addinin da ya ƙasƙanta shi ba. Ranar 14 ga Oktoba 1956 a Nagpur ya shiga addinin Buddha tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa. Mu ba hanyarmu ba ce, kuma ba don ita na kawo maka labarinsa ba. Amma akwai abin tsoro a ciki ga duk mai addini: wulaƙanci na iya korar al'umma guda daga gidan ibadar kakanninta. Ciwon suga ya riga ya ci ƙarfinsa, ganinsa ya raunana, ya rasu a Delhi ranar 6 ga Disamba 1956 yana da shekara 65. Sai a 1990 aka ba shi Bharat Ratna, lambar girma mafi daraja a ƙasar. Yau cikin kujeru 543 na majalisar wakilan Indiya an ware wa Dalit 84, Dalit biyu kuma, K. R. Narayanan da Ram Nath Kovind, sun yi shugabancin ƙasa. Duk da haka har a 1989 sai da aka sake kafa doka ta musamman don hukunta masu cin zarafinsu, kuma har gobe ana kai ƙararraki a ƙarƙashinta.

Kada ka ce wannan duka can ne. Kafin Najeriya ta sami 'yanci, Turawa sun kafa kwamitin Sir Henry Willink a 1957 don sauraron fargabar ƙananan ƙabilu. Bai ba da shawarar ƙirƙiro sababbin jihohi ba, sai ya ce a rubuta haƙƙoƙin ɗan ƙasa cikin tsarin mulki, aka kuwa rubuta. Sashe na 42 na kundin 1999, wanda ka fi ni sani, ya hana nuna wa kowa bambanci don ƙabila ko addini ko garinsu, har ya ƙara da cewa kada a tauye mutum saboda yanayin haihuwarsa. To, ka dubi wanda aka haifi kakansa a gari amma aka hana shi takardar shaidar ɗan asali. Ka dubi saurayin da aka hana aure don an tono cewa kakanninsa bayi ne, ko don gidansu mahauta ne ko makaɗa. Ka dubi Bamagujen da ke neman filin makabarta. Mu Hausawa mun saba ganin kanmu da yawa, sai mu manta cewa a zangon Kumasi da Sabo ta Ibadan da Mai Wurno ta Sudan mu ne 'yan tsiraru, kuma a 1969 da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, da namu a cikin waɗanda suka ɗaure kaya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da nake roƙonka kaɗan ne. Kada ka rufe ofishinka na lauya ko ka ci zaɓe, domin wanda ba shi da sana'ar komawa ba ya iya ajiye kujera ranar da ta kamata a ajiye. Shari'o'in da ka fara wa mutanen nan kyauta ka kai su ƙarshe, ko ka damƙa su hannun wanda ka amince da shi, kada su ji ka yi tsani da su. Sannan ka ɗauki takarda ka rubuta doka ɗaya tak da kake son ganin an kafa ko an gyara, da sashenta da hujjarta, ka kuma rubuta abin da in aka nemi ka yi shi za ka bar jam'iyya. In ka gama ka kawo mini mu karanta tare da mahaifiyarka, kafin ka kai kuɗin fom.